Lens ɗin kamfani ko na Sigma da Tamron: wanne za ka saya?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu ɗaukar hoto. Kafin ka nufi Banex, kasuwar kayan lantarki ta Abuja, da kuɗinka a aljihu, tsaya mu yi magana kan lens, gilashin da ake ɗora wa kyamara a gaba.

Fara duba lambar da ke bayan harafin f: iya ƙanƙantarta, iya yawan hasken da lens ke shigarwa. Lens ɗin 18-55 da ke zuwa tare da kyamara, idan ka jawo hoto har ƙarshe, galibi f/5.6 yake komawa. Shi kuwa ɗan ƙaramin 50mm f/1.8, wanda Canon da Nikon da Sony kowa ke da nasa, hasken da yake shigarwa ya kai kusan ninki goma. A zauren dina a Wuse 2, fitilu sai canza launi suke, amarya ta shigo ana liƙi, wannan bambancin ne zai fito maka da fuskarta tas, abin da ke bayanta a hoton ya yi dishi-dishi. Kuma yana cikin mafi araha a kasuwa.

To, ina maganar suna, wato lens ɗin kamfanin da ya ƙera kyamararka ko na Sigma da Tamron, masu ƙera wa kyamarorin wasu kamfanoni lens? A 2018 Tamron ta fito da 28-75mm f/2.8 don kyamarorin Sony, a farashin da bai kai rabin na 24-70 GM na Sony ba. Na Sony ya fi ɗauko fili mai faɗi, jikinsa ya fi ƙwari, ba musu. Amma hoton da zai ƙare a Instagram da WhatsApp, uwar amarya ba za ta gane bambanci ba. Masu bidiyo kuma, Sigma 18-35mm f/1.8 tun 2013 yake, har yau ba a daina nemansa ba, sai dai nauyi.

Tarkon yana wajen mahaɗa, wato inda lens ke haɗuwa da kyamara. Sony ta daɗe da barin wasu kamfanoni su ƙera wa kyamarorinta lens. Canon kuwa sai a 2024 ta buɗe RF, mahaɗar kyamarorinta na Canon R, ga Sigma da Tamron, shi ma na kyamarori masu ƙaramin sensa (faifan da ke karɓar hoto a cikin kyamara). Idan Canon R kake riƙe da ita, sayi adafta ka ɗora lens masu tsohuwar mahaɗar Canon ta EF, suna aiki lafiya lau.

In na hannu za ka saya, kunna tocilan ɗin waya ka haska ta baya. 'Yar ƙurar hunturu ba komai ba ce. Amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, rima ce ta kama gilashin, mayar wa mai shago kayansa. In ya fita lafiya, ɗora shi kan kyamararka, ka gwada fokus kusa da nesa kafin ka tura kuɗi.