Sharhi: Leza da dagwalon tankunan Hanford

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau zai leƙa Hanford ne, can jihar Washington ta Amurka, inda a 1943 aka soma gina cibiyar sarrafa sinadarin fulutoniyom, wanda da shi aka haɗa bam ɗin da aka jefa wa Nagasaki a 1945. Aiki ya tsaya tuntuni amma dagwalon nukiliyar da ya bari na nan, galan kusan miliyan 56 jibge a tankuna 177 a ƙarƙashin ƙasa, sama da 60 daga ciki ana zargin sun taɓa yoyo, ga kogin Columbia kuma nan kusa.

To kafin a narkar da wannan shara a mai da ita gilashi kamar yadda aka tsara, dole a san me ke ciki. A hanyar da aka saba, sai an ɗebo samfuri, a narka shi da asid, a yi ta jira, kuma ruwan da aka yi gwajin da shi ya koma wata sabuwar sharar. Shi ya sa masana a ɗakin binciken kimiyya na gwamnatin Amurka mai suna PNNL suka ɗauko dabarar leza. Samfurin na cikin wani ɗaki mai kaurin bango, ma'aikaci na waje yana juya shi da hannun ƙarfe ta bayan gilashi, hasken leza ya ɗan ƙwarzani wurin da bai kai kan allura ba, iskar agon ta kwashi ƙurar ta kai ta cikin wata wuta mai zafin dubban digiri, daga nan na'ura ta jera ƙwayoyin zarra gwargwadon nauyinsu, ga yuraniyom ga sauran ƙarafa, nan da nan.

Abin a yaba ne, musamman ga ma'aikatan da aka rage wa cuɗanya da tururin nukiliya. Sai dai ni fa ina ganin kar a cika zumuɗi. Abin da ke tankin nan ba iri ɗaya ba ne, ruwa a wani wuri, gishiri ya daskare a wani, laka ta kwanta a ƙasa, ɗigo ɗaya ba zai ba da labarin tanki guda ba. Kuma ita na'urar nauyi kawai ta sani, yuraniyom 238 da fulutoniyom 238, da yake lambar nauyinsu ɗaya ce, kusan ɗaya take ganinsu, sai an koma an tantance ta wata hanyar.