Daga Filin Saiti Zuwa Dawa: Ƙaramar Bindiga da Lasisin Farauta

Masu karatu, ku kwatanta wani maharbi a zuciyarku da kyau. Hannunsa na hagu a cikin aljihu, tabarau irin na kowa a idonsa, ya miƙa ƙaramar bindiga da hannun dama. Sunansa Yusuf Dikec, ɗan ƙasar Turkiyya. Yana da shekara 51 lokacin da shi da abokiyar wasansa suka ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Faris a 2024. Hotonsa a wannan tsayuwar ya zagaye duniya, mutane na ta mamakin yadda ya tsaya kamar mai jiran mota. Amma tun gasar Beijin ta 2008 yake zuwa Olamfik, sai a karo na biyar ya samu lamba.

Ga abin da yake harba. Tsakaninsa da allon saiti mita 10 ne. Da'irar tsakiya, mai maki goma, faɗinta milimita 11.5, ba ta kai farcen babban yatsa ba. Bindigar ba ta amfani da albarushi, iska ce ke ingiza 'yar ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. A tsaye ake harbin, da hannu ɗaya, babu jingina. Doka ta ce kunamar bindigar kada ta saki sai an matsa ta da nauyin da ya kai giram 500. A gasar mutum ɗaya, zagayen farko harbi 60 ne cikin minti 75.

Yanzu ku kalli yatsan maharbi. Ya ja numfashi, ya saki rabi, ya riƙe. Bakin bindiga na rawa kaɗan-kaɗan, domin babu ɗan Adam ɗin da hannunsa ke tsayawa cik. Gwani ba ya faɗa da wannan rawar. Yana ƙara matsa kunama a hankali, a hankali, har harbin ya fita kamar ba shi ya yi ba. Sabon hannu kuwa jira yake saiti ya hau tsakiya, sai ya fizge kunamar, ƙwaya ta tafi ƙasa can gefe. Idan hannu ya gaji kafin harbi ya fita, gwani sauke bindigar yake yi, ya huta, ya sake ɗagawa. Ni a wurina wannan saukewar ita ce abu mafi kyau a wasan gaba ɗaya.

To, wace ƙaramar bindiga ce ta fi? Duk inda masu harbin nishaɗi suka haɗu, wannan musun ba ya ƙarewa.

Akwai masoya libarba, mai gidan harsashi da ke juyawa, wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a 1836. Yawanci harsashi shida take ci. Hujjarsu ita ce sauƙi: idan harsashi ya ƙi tashi a wajen gasa ko atisaye, ba ta cushewa yadda bindiga mai ɗura harsashi na gaba da kanta ke yi, kuma da ido za ka buɗe ka ga ko akwai wani abu a ciki. Akwai kuma waɗanda ba sa son jin sunan kowa sai ƙirar 1911, aikin John Browning, wadda sojan Amurka suka riƙe daga 1911 har zuwa 1985. Ƙarfe ce zalla, mai nauyi, harsashi bakwai, kuma kunamarta gajera ce mai saki sumul, abin da ya sa 'yan gasa ke sonta har gobe. Sai Glock 17, wadda ta fito daga Ostiriya a farkon shekarun 1980. Mai ita, Gaston Glock, sandunan labule da wuƙaƙe yake ƙerawa kafin nan. Ya yi gangar jikinta da roba mai tauri, ta ɗauki harsashi 17 na milimita 9. Da farko an raina ta, ana ce mata bindigar roba. Yau 'yan sandan ƙasashe da dama ita ke ɗamararsu.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma idan ra'ayina kuke so, mai koyo ya bar duk waɗannan ya fara da bindigar iska, ko kuma mai ƙaramin harsashin nan da ake kira .22, wanda aka fara yi tun 1887. Ba ta zabura a hannu sosai, ƙararta da sauƙi, harsashinta ya fi araha. Wanda ya fara da babbar bindiga, jikinsa yakan koyi tsoron ƙarar, sai ya riƙa runtse ido yana dannar da hannu tun kafin harbi ya fita, kuma wannan ɗabi'ar ta fi wuyar cirewa a kan koyon harbin kansa. Kada wani ya ɗauka .22 ta yara ce: da ita ake gasar mita 25 a Olamfik, kuma tana kisa. Bayan haka sai a duba hannu. Idan tafin hannunka bai rufe mariƙin ba, ko yatsanka bai kai kunama ba sai ka karkace, sunan kamfani ba zai gyara maka saiti ba.

Kowace iri ce, ƙa'idojin filin harbi ba sa canzawa. Ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yi niyyar harbi ba. Yatsa a waje da kunama sai saiti ya hau. Ka san abin da kake hari, ka san abin da ke bayansa. A toshe kunne, a kare ido, domin ƙarar bindiga takan wuce desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Duk wannan zaɓin ma sai inda doka ta ba da dama. A Birtaniya, bayan wani mutum ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane a watan Maris na 1996, majalisa ta haramta kusan dukkan ƙananan bindigogi masu harsashi a 1997. Har 'yan wasan Olamfik na ƙasar sai da suka riƙa zuwa Siwizalan yin atisaye. A Jafan farar hula ba ya mallakar fistol mai harsashi, kuma kafin a ba mafarauci raifal, a bisa al'ada sai ya shekara 10 yana riƙe da bindiga mai watsa ƙwayoyi.

Mu shiga dawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauka cewa wanda ke da izinin bindiga yana da izinin farauta. Takardu biyu ne daban, sau da yawa ma hukumomi biyu ne ke bayarwa. Ta farko tana duba mutum: wane ne shi, yana da laifi a baya, ina zai ajiye makami? Ta biyu dabba take dubawa: wace iri, a wane wata, guda nawa.

Dalilin ta biyun yana cikin labarin wata kurciyar daji ta Amurka. A ƙarni na 19 biliyoyi ne, garkensu kan rufe rana idan suna wucewa. Aka yi ta harbinsu ana lodawa a jirgin ƙasa zuwa kasuwannin birane, ba lokaci, ba iyaka. Ta ƙarshe, mai suna Martha, ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a ranar 1 ga Satumba, 1914. Barewar ƙasar mai farin wutsiya ma ta kusa bin sahu, wajen 1900 ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan. Yau ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30.

Me ya canza? A 1934 aka fito da kan sarki na musamman da duk mai shekara 16 ko fiye zai saya kafin ya harbi agwagwar ruwa, kuɗin kuma kusan duka ana sayen fadamu da tafkuna da su don tsuntsayen. A 1937 dokar Pittman da Robertson ta karkatar da harajin dogayen bindigogi da harsasai, wanda yau kashi 11 cikin ɗari ne, zuwa kula da namun daji, daga baya aka haɗa da kashi 10 na ƙananan bindigogi. Ke nan ko wanda bai taɓa shiga daji ba, allon takarda kawai yake harbi ranar hutu, yana cikin masu ciyar da barewa. Lasisin kansa jihohi ne ke bayarwa, kowace da nata tsarin. Baƙo yana biyan fiye da ɗan jiha, a yawancin jihohin sai ka yi kwas na kiyaye haɗari, abin da jihar Niyok ta fara tilastawa a 1949. Babbar dabba tana da tikitinta, a jihohi da yawa da ta faɗi za ka liƙa mata shi kafin ka ɗaga ta. Mai farautar agwagwa kuma bindigarsa kada ta ci fiye da harsashi uku, kuma tun 1991 an hana shi ƙwayar dalma, saboda tsuntsaye na tsintar ta a ruwa su haɗiye su mutu.

Jamus ta fi kowa burge ni a nan. Jarrabawar mafarauta tasu tana da wuya har suna kamanta ta da ta kammala sakandare. Akwai ta rubutu, akwai ta baki, akwai ta harbi. Za a tambaye ka cututtukan dabbobi, da itatuwa, da karnukan farauta, da yadda ake gane naman da bai kamata a ci ba. Ka ci, sai ka nuna inshora kafin a ba ka takarda, sannan ka nemi izinin mai haƙƙin farauta a wannan yankin daji. Ɗan shekara 16 yana iya samun lasisin matasa, amma ba ya fita sai da babba a gefensa.

A nan ne kuma ƙaramar bindiga ta sake shigowa. Dokar Jamus ta yarda mafarauci ya mallaki guda biyu, sai dai ba don ya hari barewa daga nesa ba. Idan dabba ta ji rauni, ko mota ta buge ta tana kwance a gefen hanya tana shure-shure, shi ake kira ya matso kusa ya ƙarasa ta da harbi ɗaya, kada ta kwana tana wahala.