Darasi: Idan Bona ta Ƙi Kamawa, Jan Maɓalli Ya Haska

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau ga mu gaban bona mai aiki da man dizal, wato injin da ke feso mai ya kunna masa wuta, irin wadda ake ɗumama gidaje da ita a ƙasashen sanyi kamar Amurka da Ingila, mu kuma a nan mun fi ganinta a jikin tandar gidajen burodi. Wannan da ke gabana ƙirar Riello ce, ta Italiya.

Ku matso ku ga wannan jan maɓallin. Idan ya haska, akwatin da ke sarrafa bonar ne ya tsayar da ita da gangan. Fanka ta tashi, famfo ya feso mai, aka ba da tartsatsi, sai akwatin ya jira daƙiƙa 5 zuwa 15, gwargwadon irinsa. Bai ga wuta ba, sai ya datse mai.

Don Allah, sau ɗaya ake danna shi. Ɗaya tak! Duk dannawar da ka yi wuta ba ta kama ba, ɗanyen mai ka ƙara tarawa a ɗakin ƙona. Na taɓa zuwa wani gidan burodi da asuba, yaron da ke aikin dare ya yi ta dannawa saboda kwaɓi ya kumbura yana jira. Da wutar ta zo kamawa sai ta tashi da ƙara, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Allah ne ya kiyaye shi.

To, mu fara da mai. Akwai shi a tanki? Bawul a buɗe yake? Kwance filta ka duba ƙasan kofinta. Ga tawa, kun ga wannan jan ruwan da ya kwanta a ƙasa da dauɗa kamar laka? Ruwa ne a cikin dizal, kuma shi ya fi kawo mana matsala. Idan mai ya taɓa ƙarewa ƙaf a tanki, iska ta shiga bututu, sai ka sassauta ƙusar fitar da iska a jikin famfo har kumfa ta yanke. Famfon irin wannan kan zo a saite kan bar 12, wato ma'aunin ƙarfin turo mai. Sa geji ka tabbatar.

Yanzu kashe wutar lantarki gaba ɗaya kafin ka taɓa ciki, domin taransifomar tartsatsi tana ba da wajen bolt dubu 10. Zaro kan bonar. Ramin nozul, wato bakin da ke feso mai, ya fi bakin allura ƙanƙanta, kada ka soka masa waya, canza shi kawai da mai lamba iri ɗaya. Waɗannan sanduna biyu su ke ba da tartsatsi. Dubi farin tangaran ɗinsu ko ya tsage, ka goge ƙunar da ke baki, ka daidaita tazara yadda littafin injin ya ce.

Saura idon wuta, wato ɗan abin da ke sanar da akwatin cewa wuta ta kama. Idan ka ga wuta ta kama da kyau, can bayan 'yan daƙiƙu ta mutu, shi za ka fara zargi. Ga shi nan, toka ta rufe fuskarsa. Goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi, ka mayar da shi mazauninsa sosai. Kada wani ya ce maka a haɗe wayoyinsa a huta, ka cire wa injin mai gadi ke nan.

Mu mayar da murfi, mu kunna. Ku saurara... fanka ta tashi... yauwa, ta kama.