Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Noma, daga Manoman Tuffa na Shopian

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin dattawa, manoma da masu tsinkar tuffa na gundumar Shopian da ke kudancin Kashmir, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya.

Ka zo a kan gaɓa. Kaka ce, wadda muke kira harud, kuma daga Satumba zuwa farkon Nuwamba babu gidan da ke zaune. Da an idar da sallar asuba samari sun jingina tsani a bishiya, mata na ware manya da ƙanana, tsofaffi na jera su a akwatin katako da shimfiɗar ciyawa don kada su ƙuje. Ga kahwa, shayinmu na gargajiya, da za'afaran a tsakiyar lambu, duk wanda ya ratso sai ya sha. Tuffar da ta faɗo ƙasa ma ba a zubarwa, yankawa ake a shanya don miyar hunturu. Kuɗin wannan kaka ne ke aurar da 'ya'yanmu, shi ke biyan makaranta da bashin magani.

Fiye da rabin tuffar da Indiya ke nomawa daga wannan kwari na Kashmir take fita. Amma ranka ya daɗe, duk wahalar shekara ta rataya ne a kan babbar hanyar Srinagar zuwa Jammu. Idan dutse ya zaftare ya toshe ta, motoci sukan yi kwanaki a layi, kaya na ruɓewa tun kafin su ga kasuwar Azadpur a Delhi. Manomin da ya tsira daga ƙanƙara sai ya yi asara a kan kwalta, wannan kuwa yana yi mana ciwo ƙwarai. Muna roƙon a bai wa motocin tuffa fifiko a lokacin kaka, a kyautata hanyar Mughal da ta bi ta nan, a kuma ƙara rumbunan sanyi da ƙaramin manomi zai iya biya.

Sai Ambri, irin tuffar da muka gada kaka da kakanni. Tana da ƙamshi, tana jure ajiya, amma tana daɗewa kafin ta fara 'ya'ya, shi ya sa matasa ke sare ta suna dasa Delicious da sababbin iri masu saurin kuɗi. Ba ma ganin laifinsu. Muna dai neman gandun renon dashe da zai riƙe mana ita.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya. Bismillah, a taso mu zaga lambu.