Buhun koko ya yi tsada, to nawa ke isa gidan mai aikin gonar?

[Hoto: waya a hannu, saƙonni na ta shigowa]

Assalamu alaikum jama'ar zango. A nan Kumasi ta ƙasar Ghana, daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sawaba zuwa Moshie Zongo, da wuya a sami zauren WhatsApp da maganar nan ba ta shiga ba: koko ya yi kuɗi, mutanen gona sun warke. Sai kiran waya ya biyo baya. "Yaya, mun ji labari, a tuna da mu." "Kawu, bikin 'yarka ya matso fa." Wasu ma har sun zaɓa wa yayan launin motar da zai saya. Shi kuwa bawan Allah yana can cikin kurmi, wajen Tepa ko Offinso, ya rasa bakin magana, don in ya ce babu, a ce ya fara rowa.

[Hoto: lambobi suna hawa ɗaya bayan ɗaya]

Tsadar da aka yi gaskiya ce. A ƙarshen 2022 buhu mai kilo 64 sidi 800 ne. A Satumba 2023 ya koma 1,308, a Afrilu 2024 ya kai 2,070, a Nuwamban shekarar ya kai 3,100. A kasuwar duniya kuwa, tan ɗaya ya haura dala 12,000 a Disamba 2024.

Manomin Ghana dai ba kasuwar duniya yake kai kayansa ba. Gwamnati ce ke yanka farashi ta hannun hukumar koko ta ƙasa, COCOBOD, wadda take nan tun 1947, kuma ta saba sayar da kaso mai yawa na kokon tun kafin a girbe shi. Da farashi ya yi tsalle, an riga an sayar da mai yawa a tsohon kuɗi. Amfanin ma ya ragu: a kakar 2020/21 ƙasar nan ta haura tan miliyan ɗaya, bayan shekara uku ta dawo wajen rabin haka, saboda cutar kumburin reshe, da 'yan galamsey, masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, da ke cinye gonaki, da rikicewar damina. Wannan magana ce ta wani bidiyon daban. Mu wuce.

[Hoto: doguwar gora mai wuƙa a baki tana yanko kwanson koko, tari a gindin itace, mata da maza zaune a da'ira suna fasawa]

Ku dai kalla.

[Hoto: ana rufe ƙwayar da ganyen ayaba]

Kwana shida a nan.

[Hoto: shanya a kan tabarma bisa rumfa, hannun mace yana motsawa, hadari ya taso, ana naɗe tabarmar a guje]

Mako ɗaya zuwa biyu a nan, gwargwadon rana.

[Hoto: buhu a rataye a sikeli, akawu yana rubutu a ɗan littafi]

To a tsayar mana da hoton nan. Duk ruɗanin daga wannan wurin yake tashi. Akawu ya auna, ya rubuta, ya biya. Mu a gari sai mu ɗauka wanda ya ɗauko buhun a ka shi ne zai sa kuɗin a aljihu. Alhali da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke kurmi gonar ba tasu ba ce. Kula da ita suke yi, a tsarin da Asantawa ke kira abusa: mai gona ya ba ka gonar da ta riga ta girma, kai za ka yi shara da adda, ka yi sassabe, ka yi feshi, ka girbe, ka fasa, ka shanya, ka kai sikeli. In an sayar a kasa kuɗin uku, mai gona ya ɗauki biyu, kai ka ɗauki ɗaya.

[Hoto: allo, hannu yana rubutu da alli]

Mu yi misali, kuma misali ne kawai. A ce gona ta ba da buhu 15 a shekara. A farashin Nuwamban 2024, wato 3,100, kuɗin ya kama sidi 46,500. Wannan ita ce lambar da ake lissafa wa yaya a zango. Kasa uku. Rabonsa 15,500. Raba shi wata goma sha biyu, bai cika sidi 1,300 a wata ba. Kuna iya sa farashin ranar da kuke kallon bidiyon nan, kasafin dai ba ya canjawa.

Yanzu ku matso, don akwai tambayar da ko masu gardamar ba sa yi: kuɗin maganin feshi da taki, wa ke biya, kuma yaushe ake cire shi? A wasu gonakin mai gona ne ke saye daga kashi biyunsa. A wasu kuma sai an fara cire kuɗin daga jimla kafin a raba. A ce an kashe 6,000. In mai gona ya ɗauke shi, mai kula yana nan da 15,500 ɗinsa. In an cire tun daga sama, 40,500 za a kasa, rabonsa ya koma 13,500. Sidi 2,000 sun tafi, gona ɗaya, gumi ɗaya. Sannan in aiki ya fi ƙarfin gida aka ɗauko 'yan ƙodago na yini, galibi daga rabon mai kula ake sallamarsu. Shi ya sa har yau gayya ba ta mutu a ƙauyukan koko ba: yau a fasa naka, jibi a fasa nawa, abinci kawai mai gida zai ciyar.

[Hoto: mace da jarkar ruwa a ka, tana bin mai feshi a baya]

Kashi ɗayan nan kuma ba ladan mutum ɗaya ba ne. Dubi matar nan. Ita ke ɗebo ruwan da ake haɗa maganin feshi, ita ke tattara kwanso, ita ke ɗaukar ɗanyar ƙwaya a kwano daga gona zuwa gida, ita ke motsa shanya, ga girki ga goyo. Ranar rabo kuwa hannun miji kuɗin ke shiga, kuma a gonaki da yawa littafin sayarwar ma da sunan mai gona yake, don haka duk wani ƙari da ya biyo baya wurinsa yake fara sauka. A ganina wannan ne wuri mafi ciwo a duk tsarin. Maigida, in ka karɓo rabonka, ka zauna da uwargida ku ƙirga tare, haƙƙinta na ciki.

[Hoto: hanyar ƙauye, babur ɗauke da buhuna, a bar shi ya ɗan yi tafiya]

Ba ina cewa masu gona azzalumai ba ne. Wani tsoho ne da ya share kurmin da hannunsa, wata gwauruwa ce da gonar kaɗai miji ya bar mata. Tsarin ma ya daɗe: tun zamanin Turawa mutanen arewa, Mosawa da Kusasi da Busanga da Frafra, suke gangarowa aikin koko, kamar yadda fataken Hausawa suka riga su gangarowa neman goro. Akwai kuma abunu, inda kai za ka share fili ka dasa, ka riƙa cin ayaba da rogo da gwazar da ka shuka a tsakani, bayan shekaru in itatuwa sun fara 'ya'ya a raba gonar biyu. Mai abunu yana da abin da zai bar wa 'ya'yansa. Mai abusa kuwa, in mai gona ya rasu magada suka ce sun sallame shi, kayansa kawai zai ɗaure.

[Hoto: kalanda, watanni suna wucewa]

Sai maganar lokaci. Babbar kaka daga wajen Oktoba take zuwa farkon sabuwar shekara, ƙaramar kuma tsakiyar shekara, ba ta da yawa. Tsakaninsu ciki ba ya hutu, makaranta ba ta jira, zazzaɓi ba ya sallama. Sai a je wurin akawun sikeli ko mai gona a ci bashi a kan kokon da bai nuna ba. Ranar da muke kiran waya muna taya murna, wataƙila rabin rabon an riga an cinye shi tun watan Yuni. Kallon kitse muke yi wa rogo, jama'a.

[Hoto: mutum uku a zaune ƙarƙashin rumfa, takarda da biro a tsakiya]

Yawancin yarjejeniyoyin nan da baki ake ƙulla su. In kana da ɗan'uwa a gonar koko, taimakon da za ka yi masa daga Kumasi shi ne ka sa a rubuta: kashi nawa, wa ke sayen magani da taki, kafin rabo ake cirewa ko bayansa, wa ke da ƙarin da zai zo daga baya, da kuma sanarwar wata nawa za a ba shi in za a karɓe gonar. A sa hannu a gaban shaidu, na ɓangarensa da na mai gona, kowa ya riƙe kwafinsa, a kuma ɗauki hoton takardar a waya saboda ruwa da gara.

Masu aikin abusa da ke kallonmu, ku faɗa mana yadda ake cire kuɗin magani a yankinku, kafin rabo ko bayan rabo, ku ambaci gari kawai ba sai da sunan kowa ba.