Amsoshin Tambayoyinku: Hazon hunturu, tumbin saniya da saiwar wake

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Daga nan Garwa muke kawo muku shirin Amsoshin Tambayoyinku. Saƙonnin wannan mako sun taru ne a kan halittun nan ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin likita.

Wani malamin makaranta daga Kusseri ya rubuto yana cewa: "Na ji wai hazon da ke rufe mu da hunturu gawar wasu halittu ce. Gaskiya ne? Kuma shi ne ke kawo sanƙarau?"

Malam, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele. Shekaru kusan 7,000 da suka wuce wurin nan ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne kawai. A ruwan akwai ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya da ake kira dayatom, kowace da ɗan ɓawonta mai ƙarfi. Suna mutuwa suna kwantawa a ƙasan ruwa, shekara da shekaru. Da tafkin ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa marar nauyi, wadda in ka murza ta da yatsa take zama gari. Iskar arewa maso gabas kuma tana bi ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta matse, ta ƙara ƙarfi, ta yi awon gaba da garin nan. Duk duniya babu wuri guda da ke tayar da ƙura kamar Bodele. Farin da kake sharewa a sirdin babur ɗinka da safe, akwai ɓawon halittun nan a cikinsa.

Tafiyar ƙurar ba a kanmu take ƙarewa ba. Tana tsallake tekun Atlantika. A 2015 masu bincike na hukumar NASA ta Amurka sun ƙiyasta cewa ƙurar Sahara sama da tan miliyan 27 ke sauka a dajin Amazon kowace shekara, ɗauke da kusan tan 22,000 na fosforas, sinadarin nan da manomi ke saye a buhun takin zamani. Wadda ta faɗa teku kuwa tana ciyar da ƙananan tsirran da ke yawo a saman ruwa, su ne ke samar da kusan rabin iskar oksijin ta duniya, suna kuma shanye hayaƙin kabon da ke ɗumama yanayi. Ni dai abin nan yana sa ni yin tasbihi duk lokacin da na tuna shi.

Sanƙarau kuwa wata bakteriya ce ke kawo shi, wato ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin halittun nan, ba ƙurar kanta ba. Mutane da yawa suna ɗauke da ita a hanci da maƙogwaro ba tare da ta taɓa su ba. Busasshiyar iska da ƙura ne ke tsattsage fatar cikin hanci, ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini, ta kai ga mayafin ƙwaƙwalwa. Ga kuma cunkoso a ɗaki guda saboda sanyi. Shi ya sa cutar ke bin layin nan daga Senegal har Habasha, ta tashi da rani, ta lafa da saukar damina. A annobar 1996 mutum kusan 250,000 suka kamu, kusan 25,000 suka rasu. Rigakafin MenAfriVac ya fara a 2010, ya iso Chadi da arewacin Kamaru a 2011, kuma nau'in A na ƙwayar, wanda ya fi yi mana ɓarna, ya kusa ɓacewa. Amma sauran nau'o'in suna nan. Don haka Malam, in ɗalibinka ya tashi da zazzaɓi, da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, don Allah kada a kwana da shi a gida. Cutar nan tana iya kisa cikin yini guda.

Sai saƙon wani dattijo makiyayi daga wajen Ngaundere, wanda ɗansa ya rubuta masa: "An ce shanunmu ne ke ɗumama duniya. Ta ƙaƙa?"

Baba, Allah ya ja zamaninka. Saniya da kanta ba ta iya narkar da ciyawa. Ƙananan halittun da ke cike da tumbinta ne ke yi mata aikin, da babu su da babu nono, babu nama. Cikinsu akwai waɗanda ke fitar da wata iska mai suna mitan, saniya ta gyatsa ta waje. Iskar nan tana riƙe zafi kusan ninki 28 na hayaƙin kabon in an auna a shekara 100, ko da yake ba ta wuce shekara 12 ko makamancin haka a sama. Fadamun shinkafa na Yagwa da Maga ma suna fitar da ita, domin halittun suna son wurin da ruwa ya kwanta iska ba ta shiga. Wannan gaskiya ne. Amma a yi adalci, Baba: Afirka kaf ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa ba. Ba garkenka ne ya kai mu inda muke ba. Abin da ke hannunka shi ne kiwo mai kyau. Saniyar da ke samun harawar wake da dusa da rani tana ba da nono mai yawa, iskar da take fitarwa a kan kowace ƙwaryar nono kuma ta ragu.

Wata manomiya daga Gidar tana tambaya me ya sa dawa ke kyau a gonar da aka cire gyaɗa ko wake. Yaya, da damina ki tuge tushen wake ɗaya, ki karkaɗe ƙasar. Za ki ga ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. Tsaga ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to bakteriyar da ke ciki tana kan aiki, tana janyo naitirojin daga iska tana mai da shi taki. Itacen gawo ma haka yake yi, shi ya sa magabata ba sa sare shi a gona.

Tambaya ta ƙarshe daga wata Hajiya ce a Marwa. Ta ce duk lokacin da jikanta ya yi mura ko gudawa takan sayo masa kafso a kasuwa, amma 'yarta ta hana, har sun yi saɓani.

Hajiya, ki yi haƙuri, wannan karon 'yarki ke da gaskiya. A jikin babban mutum akwai bakteriya kusan tiriliyan 38, yawancinsu a hanji, suna taya shi narkar da abinci, suna tare wa masu cutarwa wuri. Danginsu ne ke mai da madara kindirmo, su mai da kalwa daddawa. Kafson nan maganin kashe bakteriya ne, amma ba ya tantancewa, duka yake kashewa. Ita kuwa mura bairos ne ke kawo ta, wata ƙwayar cuta daban da bakteriya, kafso ba ya yi masa komai. Sannan duk lokacin da aka sha maganin babu dalili, ko aka sha biyu aka ajiye, ƙwayoyin da suka tsira sai su zama masu taurin kai. A 2019 kaɗai irin waɗannan ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma yankinmu na kudu da Sahara ne abin ya fi shafa.

In yaro na gudawa, ki jiƙa masa ƙunshin gishiri da sukarin nan na asibiti a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa masa da zink, uwarsa ta ci gaba da ba shi mama. Amma in kashin ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini a ciki, ko idanunsa suka faɗa, musamman bayan ambaliya da rijiyoyi ke gurɓacewa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ana tafe ana ba shi ruwan a hanya.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya daga Njamena a kan dihe, koren abin nan da matan Kanem ke kwasowa daga tafkunan kanwa su shanya, mun ga saƙonka, da shi za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.