Gasasshen Kifi a Tukunyar Yashi

Assalamu alaikum uwargida, amarya, barkanmu da yamma. Yau muna tsakar gida a wani ƙauye kusa da Haɗejiya, inda kifi ba baƙo ba ne. Gashi za mu yi, ba suya ba, kuma ba sai da obin ba. Tukunyar da kike dafa tuwo ta isa.

Ga karfasa biyu matsakaita, da safe aka karɓo su wajen masunta. Ƙanwata, matso da wayar su gani. Idon nan garau yake, in kin ɗaga kunnen cikinsa ja ne, in kin danna jikin ya dawo. Wanda idonsa ya dushe, ki bar wa mai shi kayansa ko da araha.

Na kankare ɓawon, na cire kayan ciki. Wannan baƙin da ke manne a cikin cikin, ki goge shi tas, shi ke kawo ɗaci. Sai lemun tsami da gishiri, ki murza, ki ɗauraye, ƙarni ya tafi. In tarwaɗa kika samu, toka ko ruwan zafi ne ke cire yauƙinta. Yanzu ki tsaga jikin sau 3 kowane gefe, har wuƙa ta taɓa ƙashi.

A turmi na daka attaruhu 2, tafarnuwa, citta, masoro da ɗan ƙullin daddawa. Man gyaɗa cokali 2 kacal. Eh, na ji ki, cokali 2! In suya ce da rabin kwalba ta tafi, ga tsadar mai. In akwai mai hawan jini a gidan, ki rage gishiri, ki bar dunƙule, daddawa da lemun tsami za su riƙe ɗanɗanon. Ki cusa haɗin cikin tsagar da cikin kifin, ki rufe shi minti 20.

To, ga inda aikin yake. Yashin rafi mai tsabta, busasshe, ki zuba a gindin tukunya kaurin yatsu biyu. Ɗora duwatsu ƙanana 3 a kai, ki rufe, ki ɗora kan garwashi minti 10 ta ɗauki zafi. Garwashi na ce, ba harshen wuta ba. Farkon yin da na yi, itace na tura mata, ƙasan kifin ya ƙone ƙurmus, cikinsa ɗanye, ranar kwaɗon zogale muka ci muka kwanta.

A farantin silba na shimfiɗa albasa yanka-yanka, ita ke hana kifi kamawa. Dankalin Hausa na yanka siriri na ɗan tafasa shi, don ya fi kifi jinkirin nuna. Ga tattasai da karas a gefe. Kifin ya hau kai, farantin ya zauna kan duwatsun, kada ya taɓa yashi. Ki rufe, ki ɗebi garwashi kaɗan ki zuba kan murfin, wuta sama wuta ƙasa. Leda ko jarida kada su shiga tukunyar nan.

Kada ki yi ta leƙe, kowane buɗi zafi ne ke gudu. Bayan minti 25 zuwa 30 sai ki duba, ki ɗaga murfin a hankali kada toka ta zuba. Sa cokali wajen ƙashin baya: in tsokar ta yi fari tana rabuwa da kanta, ya nuna. In tana sheƙi tana manne da ƙashi, ƙara minti 5.

Kun ji ƙamshin? Ga yara har sun zagaye ni. Nasu sai na zauna na tsince ƙaya, karfasa tana da ita. Ƙanwata, ajiye wayar ki kawo faranti, na maigida a rufe masa sai ya dawo daga masallaci.